Gyara Ba Kyauta Ba Ce: Lissafin Katin Banki da Garaɓasa

Masu sussuka da masu casa, masu tuyar ƙuli-ƙuli da masu kaɗa daddawa, duk ina gaisuwa, Allah ya sa wa nema albarka, amin.

Yau maganar kuɗi za mu yi, don haka uwargida a matso kusa da akwatin rediyo. Abin da ya jawo maganar kuwa wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana daga wani ƙauye a yankin Kunchi. Ta ce sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ɗanta da ke neman kuɗi a Legas ya sa aka buɗe mata asusun banki, aka ba ta kati, don ya riƙa turo mata abin da ya samu. To, sai ta lura ko ba ta taɓa kuɗin ba, wata ba ya ƙarewa sai an ɗan gutsura. Ana cikin haka kuma sai aka zo mata da wani zance, wai in ta karɓi babban kati mai tsada, ta kuma bar naira 50,000 a ciki ba ta taɓa ba, za a sa sunanta a ƙuri'a, tana iya cin kujerar Umara, kuma duk sayayyar da ta yi da katin za a mayar mata da ɗan wani abu. Tambayarta ita ce: "Don Allah in biya, ko in haƙura?"

Yaya, na gode da wannan tambaya, don ba ke kaɗai ba ce. Daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, daga Bichi zuwa Tsanyawa, mata da yawa yanzu suna da kati a ƙulle a bakin zane. Ba zan ce miki ki biya ba, ba kuma zan ce kada ki biya ba. Abin da zan yi shi ne in nuna miki yadda ake lissafin, ke da kanki ki yanke hukunci. Kuma lissafin ba baƙo ba ne a wurinki, kullum kina yin sa.

Ke da kike sayar da ƙuli-ƙuli, in yarinya ta zo ta sayi na naira 500, ta ce "Inna, a yi mini gyara," sai ki ƙara mata guda biyu, ta tafi tana murna. To, tsakaninki da Allah, wannan gyarar daga ina ta fito? Ai tun da kika auni gyaɗa, kika biya kuɗin niƙa, kika sayi itace, kin riga kin sa gyarar a cikin lissafi. Ba don haka ba, da jari ya karye tun tuni. Kin ba da gyara ne don yarinyar ta dawo gobe, kada ta wuce gidan maƙwabciya. To, haka banki yake, haka kamfanin waya yake. Duk abin da suka kira kyauta, ko garaɓasa, ko tukuici, gyara ce. Akwai wanda ya biya kuɗinta. Aikinki shi ne ki gano ko ke ce kika biya, kuma nawa kika biya.

Bari mu ɗan leƙa inda abin ya samo asali, don a fahimce shi da kyau. A shekarar 1950, a birnin New York na ƙasar Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Frank McNamara ya fito da wani kati da ake kira Diners Club. Mai katin zai ci abinci a gidan abinci, ya nuna kati, ya tafi, sai ƙarshen wata a kawo masa lissafi ya biya. A kan wannan sauƙi da aka yi masa kuma yana biyan 'yan daloli kowace shekara. Wannan shi ne kakan abin da ake kira katin bashi. A lura da kyau, ya bambanta da katin cirar kuɗi da yawancinmu muke riƙe da shi. Namu, kuɗinki ne da kika ajiye kike cira, in sun ƙare sun ƙare. Katin bashi kuwa kuɗin banki kike kashewa, ki biya daga baya, in kin yi jinkiri a ɗora miki ruwa.

Da kamfanonin kati suka yi yawa, sai aka shiga gasar gyara. A 1981 kamfanin jiragen sama na American Airlines ya fara tara wa fasinjojinsa maki gwargwadon tafiyar da suka yi, in makin ya taru a ba mutum tikiti. Daga baya bankuna suka haɗa kai da kamfanonin jirage da manyan masaukai: yi sayayya da katinmu ka tara maki, ka shiga ɗakin hutawa na musamman a filin jirgi, a ba ka shayi da abinci kafin jirgi ya tashi. Amma fa ana biyan kuɗin shekara. Wani kati na kamfanin American Express da ake kira Platinum, a 2025 an mayar da kuɗinsa na shekara dala 895 a Amurka, wanda a canjin wannan shekara ya haura naira miliyan 1. Kun ji fa, kuɗin riƙe kati kawai, ba a sayi komai ba. Shi ya sa su ma can kullum suna cikin wannan muhawara tamu: shin gyarar ta kai kuɗin da ake biya?

Wa ke biyan wannan shayi na filin jirgi? Mutum uku ne. Na farko, mai katin da kansa, da kuɗin shekara. Na biyu, mai kanti, domin duk sayayyar da aka yi da kati ana yankar wani kaso daga cinikinsa, shi kuma sai ya mayar da shi kan farashin kaya. Wani bincike da reshen Babban Bankin Amurka na birnin Boston ya fitar a 2010 ya nuna cewa ta wannan hanya masu saye da tsabar kuɗi, waɗanda galibi masu ƙaramin ƙarfi ne, suna taya masu kati biyan gyararsu ba tare da sun sani ba. Na uku kuma, shi ne wanda ya kasa biyan bashinsa a ƙarshen wata, domin ruwan da ake ɗorawa kan katin bashi a Amurka ya haura 20 cikin 100 a shekara a 2023 da 2024. Ashe ke nan ruwa ba ya tsami banza.

To, mu dawo gida. Mu a nan ba a cika ce mana "kawo kuɗin shekara" a dunƙule ba. Da kaɗan-kaɗan ake karɓa, shi ya sa ba ma ji. Babban Bankin Nijeriya yana da jadawalin abin da ya halatta bankuna su caza. A jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, an sa kuɗin yin kati naira 1,000, da kuɗin kula da katin asusun ajiya naira 50 duk wata uku. Tura kuɗi kuwa, naira 10 in ba su wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 in sun haura haka. Saƙon waya da ke sanar da ke shiga da fitar kuɗi, wanda muke ce wa alat, shi ma ba kyauta ba ne: naira 4 ne a da, a watan Mayun 2025 bankuna suka mayar da shi naira 6. A watan Maris na 2025 kuma aka soke cirar kyauta sau uku a wata da ake yi a na'urar wani banki, aka sa naira 100 a kan kowace 20,000, na'urar bankinki ce kaɗai aka bari kyauta. Sannan ga naira 50 ta gwamnati a kan kuɗin da aka tura in sun kai 10,000, wadda daga Disambar 2024 aka haɗa har da asusun waya irin su OPay da Moniepoint. Babban Banki kan sake duba wannan jadawali lokaci zuwa lokaci, saboda haka duk ranar da kika shiga banki ki nemi a karanta miki wanda ake aiki da shi. Haƙƙinki ne, ba roƙo ba ne.

Yanzu a ɗauko tsinke a yi zane a ƙasa, mu yi lissafi da waɗannan alƙaluma. Misali ne kawai, kowa ta sa nata. Kuɗin kula da kati, naira 50 sau 4, ya zama 200 a shekara. A ce alat 20 ke shigo miki a wata, a naira 6, ya zama 120 a wata, 1,440 a shekara. Har yanzu ba mu kai 2,000 ba. To, amma ƙauyenmu babu banki, sai an je Bichi ko Ɗambatta, don haka wurin mai POS na bakin kasuwa ake aika yaro. A ce yana karɓar naira 200 duk cira, ke kuma kina aikawa sau biyu a mako. Naira 400 ke nan a mako, in kika buga sau 52, ya zama 20,800 a shekara. Kin gani? Ashe ba kuɗin katin ne ke cin ki ba, yawan cire-cire ne. Da za ki haɗa buƙatunki ki cira sau ɗaya a mako, ko ki tura wa mai gyaɗa kuɗinsa kai tsaye ta waya maimakon ki cira ki miƙa masa, da kin tsira da abin da ya fi duk wata gyara da za a yi miki. Da yayyafi kogi kan cika, da yayyafi kuma aljihu kan zube.

Ga ma'aunin da nake so kowace mace ta riƙe. Hannun dama, ki tara duk abin da za a karɓa daga gare ki a shekara guda cur, har da kuɗin mota zuwa banki. Hannun hagu kuma ki tara amfanin da kika tabbata zai shigo hannunki, ba wanda aka rubuta a takardar talla ba. Kuma kada ki lissafa abin da dama can ba za ki saya da kuɗinki ba. Alal misali, in an ce katin zai shigar da ke ɗakin hutawa a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ke kuwa rabonki da cikin birni tun bikin ƙanwarki, to wannan amfani a wurinki sifiri ne, ko da a takarda an ce ya kai dubu ɗari. Amma Hajiyar da ke da shago a Kantin Kwari, tana zuwa Dubai ko Sin saro kaya sau shida a shekara, tana kwana a filin jirgi, ita kam tana iya bugawa ta ga katin ya biya kansa. Kati ɗaya, mata biyu, amsa biyu. Takalmin da ya yi wa wata daidai, wata gurgunta ta zai yi.

Kada wata ta ce to ai duk wani caji zalunci ne. A'a. Mu duba abin da muka sani, wato adashi. Akwai adashin da muke yi tsakaninmu, mu zuba duk mako ko duk ranar kasuwa, a kwashe bi da bi, wadda ta kwasa ta ɗan ba uwar adashi tukuici. Akwai kuma mai zagayawa kullum da littafinsa, ki zuba masa, ƙarshen wata ya mayar miki da kuɗinki amma ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. In kina zuba naira 500 kullum, yana riƙe 500 a wata, 6,000 ke nan a shekara, wajen kashi 3 cikin 100 na abin da kika tara. Wannan ai kuɗin shekara ne, ko ba a kira shi haka ba. Me ya sa mata suke biya da daɗin rai? Saboda har ƙofar gida yake zuwa, ba sai an nemi izinin fita ba. Saboda kuɗin sun bar ɗaki, ba za a ce "ara mini" a kasa hanawa ba. Saboda ƙarshen wata za su zo a dunƙule a sayi buhu ko a rage kayan ɗakin 'ya. Amfani ne da take gani da idonta kowane wata. Irin wannan caji, in mutumin mai amana ne, ya biya kansa.

Haka shi ma asusun banki yana da amfanin da ya cancanci a biya. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ko cikin tukunya, gobara na iya cinyewa, gara na iya ci, ɓarawo na iya ɗauka. Ɗanki yana Legas ko Fatakwal, cikin minti guda saƙonsa zai iso, ba sai an jira direba ba. Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin takardun naira, da tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mata suka kai kaji da awaki kasuwa aka rasa mai saye sai da turawa ta waya. Wadda ke da asusu a lokacin ta ɗan samu sauƙi. Bugu da ƙari, akwai hukumar gwamnati mai suna NDIC da ke tsaya wa masu ajiya in banki ya durƙushe. A 2024 ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma masu lasisi. Mai littafin adashi kuwa in ya gudu, sai dai a bar shi da Allah. Saboda haka biyan 2,000 ko 3,000 a shekara don wannan kariya ba asara ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin da ake nema a kan wannan, da sunan gata.

Mu zo kan kujerar Umara, don na san nan ne zuciya take. Wace Musulma ce ba ta son ta ga Ka'aba? Masu talla sun san haka sarai. Amma Yaya, ƙuri'a ƙuri'a ce. A ce mutum 100,000 suka shiga, kujeru 10 ne, to mutum ɗaya ne cikin kowane 10,000 zai samu. Sauran 9,999 fa? Sun bar kuɗinsu a kwance, banki yana juyawa. Kuma kuɗi a kwance ba sa zama yadda suke. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. Ma'ana, naira 100,000 da aka ajiye a farkon wannan shekara, a ƙarshenta abin da za ta saya bai wuce na 74,000 na da ba. Ke kuwa da 50,000 ɗin nan kika sa a gyaɗa da kaka, lokacin da take araha, kika riƙa matse mai har bazara, ko kika haɗa kika sayi 'yar akuya a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, kin san abin da za ta haifar miki. Wannan ribar da kika bari, ita ma kuɗin shiga ƙuri'ar ce, ko da ba a rubuta ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ban ce kada a ci kyauta in ta zo ba. In dama kina da kuɗin da kika yi niyyar ajiyewa, ba a nemi ƙarin ko kwabo ba, aka ce sunanki ya shiga, to Allah ya ba mai rabo. Amma in sai kin biya wani abu na musamman, ko kin sayi tikiti don kawai a sa sunanki, kin ga kin ba da tabbas kin karɓi wataƙila, kuma irin wannan malamai suna sa shi a babin caca. Mai son zuwa Makka da gaske, akwai hanyar da ba ta ƙuri'a ba. A 2020, a nan Kano, Hukumar Alhazai ta Ƙasa tare da bankin Jaiz suka ƙaddamar da shirin adashin gata na aikin Hajji, inda mutum zai riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har kuɗin kujera su cika. Mutanen Malesiya tun 1963 suke da irin wannan asusu, wanda ake kira Tabung Haji, kuma da shi manomansu da yawa suka sauke farali. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Sai batun "za a mayar miki da wani abu in kin yi sayayya." Wannan ma a auna shi. In kin sayi katin waya na naira 1,000 aka mayar miki da 20, madalla, in dai dama za ki saya. Amma in saboda wannan 20 ɗin kika sayi na 2,000 alhali na 1,000 ya ishe ki, kin kashe ƙarin 1,000 don ki samu ƙarin 20. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Wani lokaci ma abin da aka mayar ba kuɗi ba ne da za ki cira ki sayi gishiri, maki ne da sai a wurinsu za ki kashe, kuma yana da ranar mutuwa. Ki tambaya tun kafin ki shiga.

Babban abin da nake ji wa mata tsoro shi ne bashi, domin can ne gyara take kai mutum. Katin bashi irin na Turawa bai yawaita a karkararmu ba, amma ƙannensa sun iso cikin waya. Wa bai san rancen katin waya ba, ki ranci na naira 100 a ba ki 85, ki biya 100? Ga kuma manhajojin ba da rance da ke cewa danna nan ka ga kuɗi. A 2022 sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, saboda ruwa mai yawa da kuma tozarta mutane, su bi lambobin da ke wayar mutum suna aika wa dangi da surukai cewa wane ɓarawo ne. Ki duba irin wannan abin kunya a ce ya faɗo gidan aurenki. Ta fuskar addini kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka shar'anta ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Amma ta halatta ƙayyadadden kuɗin yin kati ko sabunta shi, matuƙar ladan hidima ne na gaskiya. Wadda ke son kauce wa ruwa, akwai bankunan da ba sa hulɗa da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya fara a 2019. Su ma dai suna da nasu cajin, a tambaya. Sauran bayani kuma a tuntuɓi malamai, su ne masu fagen.

Akwai kuma waɗanda ba banki ba ne sam, 'yan damfara ne da rigar garaɓasa. Alamarsu ɗaya ce: kawo kuɗin rajista, kawo mutum biyu, kuɗinki zai ninka cikin wata. Mun ga MMM da ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Duk wanda ya kira ki a waya ya ce kin ci kyauta amma ki turo kuɗin fito da ita, ko ki faɗa masa lambobin jikin katinki da lambar sirri, kashe wayar kawai. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Mu da muke aiken yara wurin mai POS kuma, a kula da wanda ake ba kati, a riƙa sa wani amintacce yana karanta alat, a kuma canza lambar in an ga alamar ta fita.

To Yaya ta Kunchi, da sauran masu irin tambayarki, in an zo muku da sabon kati ko sabon shiri, kada ku ji nauyin mai ɗamarar wuya da ke bayan tebur. Ku gaishe shi da mutunci, sannan ku ce: "Malam, nawa za a cire mini gaba ɗaya a shekara, har da alat da haraji? Wannan kyautar tabbas ce ko ƙuri'a ce? In na buƙaci kuɗina gobe saboda rashin lafiya, zan iya cira ba tara? Akwai ruwa a ciki? In na fasa, yaya ake fita?" In ya amsa dalla-dalla, ki ce zan je in yi shawara, ki koma gida ki kwana a kai, ki buga lissafinki da maigida ko da ɗanki mai karatu. In ya hau kwana-kwana, ko ya ce yau ne kaɗai dama, to kin samu amsarki. In kuma kin ga an cire abin da ba ki gane ba, ki nemi takardar bayanin asusunki, ki kai kuka bankin. In ba su share miki hawaye ba, Babban Banki yana da sashen karɓar koken masu hulɗa da bankuna.

A lissafin da muka yi, ƙaramin katin da ke hannunki ya ishe ki karɓar saƙon ɗanki da adana cinikinki. Ki rage yawan cira, ki bar jarinki yana juyawa a gyaɗa, in kuma niyyar Makka ce, ki buɗe mata asusunta daban ki riƙa zubawa. Ranar da kasuwancinki ya bunƙasa har kika fara kai mai Dawanau da mota, sai ki sake buga lissafin, wataƙila a lokacin amsar ta canza.

Lokaci ya yi halinsa. Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani, ko wadda ta taɓa shiga irin wannan shiri ta ga daɗinsa ko wuyarsa, ta rubuto mana, za mu karanta don wasu su amfana. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mu da bashin da ba za mu iya biya ba, ya kai mu ɗakinsa da guminmu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A gaida yara, a huta lafiya.